Minti nawa za a ƙara? Yadda alƙalin wasa ke lissafin cikon lokaci

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar tamaula. Akwai abin da kusan duk mako sai an yi gardama a kansa a gidajen kallo, kuma har yanzu ban ji wanda ya warware shi yadda hankali zai kwanta ba. Idan minti 90 ya cika, sai alƙali na huɗu ya ɗaga allo: yau 3, gobe 7, jibi 12. Ka ga wasa biyu da aka yi canji iri ɗaya, aka ci ƙwallaye iri ɗaya, amma wannan a ƙara 4, wancan a ƙara 9. Sannan a nuna 5, biyar ɗin su ƙare, a ci gaba da wasa har a shiga minti na 7 a zura ƙwallo, magoya bayan waɗanda aka ci su ce an yi musu fashi da rana tsaka.

Abin da nake so in sani: wa ke yanke adadin, na tsakiya ko mai allo? Akwai ƙa'idar lissafi a rubuce, ko kowa da kintacensa? Me ya sa ake zarce abin da aka nuna? Kuma tsakani da Allah, akwai adalci a tsarin nan, ko gaskiya ne da ake cewa manyan ƙungiyoyi ake ja wa lokaci har sai sun ci? Ba minti 30 da ake ƙarawa a wasan sili-ɗaya-ƙwale idan an tashi canjaras nake nufi ba, cikon da ake yi a ƙarshen kowane rabi nake tambaya a kai.

Mai Usur

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na tsakiya ne mai agogo. Doka ta 5 cikin dokoki 17 da hukumar IFAB ke fitarwa ita ta ɗora masa riƙon lokaci, Doka ta 7 kuma ta lissafa abubuwan da zai rama. Alƙali na huɗu yana rubuta nasa lissafin, yana kuma ba da shawara, amma lambar da ya ɗaga ta na tsakiya ce. Agogon da ke kusurwar talabijin kuwa na gidan talabijin ne, ba shi da matsayi a doka ko kaɗan.

Abubuwan da doka ta ce a rama su ne: canjin 'yan wasa, duba wanda ya ji ciwo da fitar da shi, ɓata lokaci da gangan, bayar da kati, hutun shan ruwa (wanda ba ya wuce minti ɗaya) da hutun shan iska idan ana tsananin zafi (daga sakan 90 zuwa minti 3), jiran VAR (duba hukunci ta bidiyo), murnar cin ƙwallo, sai kuma duk wani dalili da ya jawo tsaiko mai tsawo, kamar ɗan kallo ya faɗo fili ko fitila ta ɗauke. Murnar ƙwallo an ware mata layinta na musamman ne a dokokin kakar 2023/24. Ko tsayawar da ake yi a wasu wasannin Ingila da azumi don 'yan wasa su sha ruwa, kamar yadda aka yi wa Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté a wasan Leicester da Crystal Palace a Afrilun 2021, tana shiga ƙarƙashin wannan saɗara ta ƙarshe.

Abin da ba a ramawa shi ne inda mutane da yawa suke ruɗewa. Jifa, bugun gola, kwana da bugun tazara na yau da kullum duk ana ɗaukarsu a matsayin jikin wasa. Ƙwallo ta fita, an ɗauko, an jefo cikin sakan 12, ba wanda zai rubuta komai. Sai idan jinkirin ya wuce kima. Shi ya sa idan aka auna, a gasar Firimiya ta 2022/23 ƙwallo na yawo a fili kimanin minti 55 ne kacal a wasa guda, amma ba wanda ya ƙara minti 35.

Yadda ake yi a aikace kuwa, alƙali na ɗaura agogo biyu. Ɗaya yana tafiya ba tsayawa daga busar farko. Na biyun shi ake dannawa: ko dai a tsayar da shi duk lokacin da aka samu tsaikon da doka ta ambata, ko a mayar da shi ma'ajiyar da ke tara sakannin da suka salwanta. Na huɗu yana gefe da takarda, yana rubuta minti da tsawon kowane tsaiko. Wajen minti na 44 ko na 89 sai su yi magana ta na'urar kunne su daidaita. Inda babu na'ura, na tsakiya yana nuna yatsu a jikin wandonsa ko ƙirjinsa, na huɗu ya gyaɗa kai ya shirya allo.

Ga misali na ƙirƙira don a ga lissafin, a ce rabi na biyu ne. An ci ƙwallo biyu: daga shigar ta farko raga zuwa sake take wasa sakan 70, ta biyu sakan 55. An tsaya canji sau biyar, jimilla minti 2 da sakan 40. Ɗan baya ya faɗi, likita ya shigo, aka fitar da shi, minti 1 da sakan 50. Alƙali ya je gefe ya kalli allon VAR, minti 2 da sakan 15. Jan kati da cacar bakin da ta biyo baya, sakan 50. Idan ka haɗa, minti 9 da sakan 40 ke nan. Allo ba ya ɗaukar ɓurɓushin sakanni, don haka ko ya nuna 9 ya buga har 9:40, ko ya cike ya nuna 10. Idan ya nuna 10, to ya ɗaure kansa, dole a buga goman nan cif.

A nan amsar tambayarka ta uku take. Lambar allo mafi ƙaranci ce. Doka ta ce alƙali na iya ƙarawa a kanta, amma ba ya da ikon ragewa. Duk tsaikon da ya faru bayan an ɗaga allo, canji ne, rauni ne, ƙwallo ce, shi ma sai an rama, kuma ba a sake ɗaga wani allon don sanar da kowa. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a cika ambata ba: idan alƙali ya yi kuskuren lokaci a rabi na farko, ba shi da damar gyarawa a na biyu. Kowane rabi da nasa asusun.

Dalilin da wasa biyu masu kama da juna ke samun lamba daban, galibi salon aunawa ne. Tsohon salo ƙiyasi ne: sakan 30 kowane canji, sakan 30 kowace ƙwallo, a ɗora na rauni, a tashi da 3 ko 4. Sabon salo kuwa aunawa ake yi da agogo, daga tsayawa zuwa ci gaba. A misalin da na bayar, ƙwallayen nan biyu minti ɗaya ne a tsohon salo, amma sun haura minti biyu a sabo. Dokar ba ta ce ga salon da za a bi ba, kowace gasa ke ba alƙalanta umarni.

Na Damagaram

Allah ya saka da alheri, Malam. Zan ƙara abu ɗaya da ke haddasa rabin rigimar gidan kallo, shi ne karatun lambar. Idan aka rubuta 90+6, ba ana nufin an cinye minti shida ba, ana nufin ana cikin na shida, wato tsakanin 95:00 da 95:59. Ƙwallon Sergio Agüero a ragar QPR ranar 13 ga Mayun 2012 ta shiga a 93:20, ana rubuta ta 90+4, alhali minti 5 aka nuna. Ta Sergio Ramos a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Lisbon a 2014 ta shiga a 92:48, shi ma 5 aka nuna. Duka biyun suna can cikin lokaci da sauran fili. Don haka idan an nuna 5 ka ga an rubuta 90+6, wataƙila da sakan 10 kawai aka wuce.

Wasan da ya fi dacewa a koya wa mutum wannan lissafi shi ne na Manchester United da Manchester City a Old Trafford, 20 ga Satumban 2009. Martin Atkinson ne alƙali. Craig Bellamy ya farke wa City ana dab da cika 90, wasa ya koma 3-3, allo kuma ya nuna 4. Lissafin huɗun nan an gama shi kafin ƙwallon Bellamy, saboda haka murnarta, da ta ci kusan minti ɗaya, ba ta ciki. Sai kuma United ta yi canji a cikin cikon, Michael Carrick ya karɓi Anderson. Ka ɗora waɗannan biyun a kan huɗu, ka kai wajen 95 da rabi. A daidai wannan wurin ne Ryan Giggs ya zura wa Michael Owen ƙwallo ya ci ta huɗu. Mark Hughes, kocin City a lokacin, ya yi ƙorafi sosai, kuma duk mai kallon allo kaɗai zai ba shi gaskiya. Mai riƙe da takarda da biro kuwa zai ga alƙali yana kan iyaka, bai tsallaka ba.

Ɗan Fagge

Na gode ƙwarai, yanzu na fahimci zancen mafi ƙaranci. Amma Malam Mai Usur, abin da ka faɗa ya ƙara mini shakku a kan adalcin. Idan doka ba ta ƙayyade salon aunawa ba, kuma ba wanda ke ganin agogon alƙali sai shi, ai ƙofa a buɗe take. Wa zai iya kama shi idan ya ƙara minti ɗaya don masu gida, ko ya rage?

Baban Ummi

Ɗan'uwa, shakkunka yana da tushe, kuma ba zargin gidan kallo ba ne kawai, an auna shi. Masana tattalin arziki uku, Luis Garicano da Ignacio Palacios-Huerta da Canice Prendergast, sun bi wasanni 750 na La Liga na kakar 1992/93 da ta 1994/95, suka wallafa sakamakon a 2005. Matsakaicin cikon rabi na biyu wajen minti 3 ne. Amma idan masu gida na gaba da ƙwallo ɗaya, sai ya sauko wajen minti 2. Idan su ake ci da ƙwallo ɗaya, sai ya hau wajen minti 4. Idan tazarar ta kai ƙwallo biyu ko fiye, inda minti ɗaya ba zai sauya komai ba, bambancin sai ya ɓace. Thomas Dohmen ya yi irin wannan binciken a Bundesliga ta Jamus, ya tarar da abu mai kama da haka, ya kuma gano cewa karkatar ta fi rauni a filayen da hanyar tsere ta raba 'yan kallo da fili. Wato kusancin ihu da kunnen alƙali yana da tasiri. Ni a ganina wannan ba cin hanci ba ne, ɗan Adam ne da mutum dubu hamsin ke yi wa tsawa a ka, kuma aka ba shi lissafin da ba wanda zai duba. Amma ga ƙungiyar da aka ci a mintin da bai kamata a buga ba, duk ɗaya ne.

Sai dai a lura, rashin adalcin da ya fi yawa ba na yawan ƙari ba ne, na ƙarancinsa ne. Shekara da shekaru an saba da 1 a rabi na farko, 3 ko 4 a na biyu, ko me ya faru. Wanda ke gaba ya san cewa idan ya cinye minti bakwai da kwanciya da jan ƙafa wajen fita, uku kawai za a mayar. Ciniki ne mai riba, shi ya sa kowa ke yi.

Wannan ne Pierluigi Collina, shugaban kwamitin alƙalan FIFA, ya tasar wa a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022. Ya yi bayani tun kafin a fara cewa murnar ƙwallo ɗaya kan ci minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don haka ƙwallo uku na iya lashe minti biyar ko shida. Rana ta biyu aka ga aiki: Ingila da Iran, 21 ga Nuwamba, an ƙara 14 a rabi na farko, mafi yawansu saboda karon da mai tsaron ragar Iran Alireza Beiranvand ya yi da ɗan bayansa. A na biyu aka nuna 10, Mehdi Taremi ya ci fenariti a 90+13. A daren ranar Davy Klaassen na Holland ya ci Senegal a 90+9.

Akwai kuma tausayin da alƙalai ke yi idan an yi wa ƙungiya kaca-kaca. Liverpool ta ci United 7-0 a Maris ɗin 2023, ƙwallo shida a rabi na biyu kaɗai, ga canje-canje, amma minti 3 aka ƙara. Collina da kansa ya soki wannan, hujjarsa kuma ita ce ana raba matsayi da yawan ƙwallaye. A Ƙatar ɗin ma Sifaniya ta ci Costa Rica 7-0, ta bakwai a 90+2, kuma daga ƙarshe da bambancin ƙwallaye ta wuce Jamus, dukansu da maki 4. Alƙalin da ya datse wasa don jin ƙai ga wanda ake ci, yana iya zaluntar wata ƙungiya ta uku da ba ta ma cikin filin.

Inda abin ya fi ɓata mini rai shi ne kowace gasa da nata ma'auni. Firimiya ta ɗauki salon Ƙatar a 2023/24, har Tottenham ta ci Sheffield United biyu a 90+8 da 90+10 bayan an nuna 12. Kevin De Bruyne da Raphaël Varane suka koka kan gajiya. Hukumar ƙwallon Turai UEFA ta bakin jami'inta na lokacin Zvonimir Boban ta ce ba za ta bi wannan salon a gasanninta ba. Sai a 2024/25 Firimiya ta ja baya kaɗan, ta ce sakan 30 na farko bayan cin ƙwallo ba sa cikin lissafi. Ɗan wasa ɗaya, ranar Asabar da ma'auni ɗaya, ranar Talata da wani.

Ni dai ina bayan a tsayar da agogo. A wasan futsal, wato ƙwallon cikin zaure, minti 20 sau biyu ake yi, da mai riƙon lokaci na musamman a gefe, ƙwallo na fita agogo na tsayawa. IFAB ma ta taɓa jefa shawarar minti 30 sau biyu da agogo mai tsayawa a 2017 don a tattauna. Idan kowa na ganin agogo, mai kwanciya ya san ba abin da ya ci.

Maman Hanif

Sannunku da ƙoƙari. Duk kun yi magana a kan lambar, amma ni a wurina inda ake yanka ƙungiya shi ne sakan ɗin da ake hura usur na ƙarshe. Doka ba ta ce a jira ƙwallo ta fita ba, ba ta ce a bar hari ya ƙare ba, ba ta ce a bari a buga kwana ba. Lokaci na cika, alƙali na da damar busawa ko ƙwallo na sama. Barin hari ya kammala al'ada ce kawai da hikimar aiki.

Mu nan Kumasi ba za mu manta da 28 ga Nuwamban 2022 ba, Ghana da Koriya ta Kudu, muna gaba 3-2. An nuna 10, aka haura su, Koriya ta samu kwana, Anthony Taylor ya busa tashi kafin a buga. Kocinsu Paulo Bento ya rugo fili yana faɗa, ya samu jan kati. Mun ji daɗin sakamakon, amma a faɗi gaskiya, wani alƙalin zai bari a buga kwanar nan, kuma shi ma ba za a ce ya saɓa doka ba. To hukunci biyu masu karo da juna duk suna daidai, ina adalcin yake?

Mafi muni shi ne a bari a fara sannan a datse a tsakiya. A gasar cin kofin duniya ta 1978 a Mar del Plata ta Ajantina, Brazil da Sweden suna 1-1, Clive Thomas na Wales ya bari Nelinho na Brazil ya bugo kwana, ya busa tashi ƙwallo na iska, Zico ya sa mata kai ta shiga, aka ce ba ci ba ne. Shekara 46 bayan nan aka maimaita kusan irinsa a filin Mestalla, 2 ga Maris 2024, Valencia da Real Madrid 2-2. Gil Manzano ya bari aka buga kwana, aka fitar, ta dawo wa Brahim Díaz na Madrid, yana ɗaga ƙafa zai bugo ta tsakiya aka busa, Jude Bellingham ya sa kai ta shiga. Ba a karɓa ba, Bellingham kuma ya tafi da jan kati saboda maganar da ya yi. Da ya busa a daidai lokacin da aka fitar da kwanar, da ba wanda zai ce uffan. Jinkirin sakan biyu zuwa uku ne ya jawo duk wannan.

Abu ɗaya tak doka ta tilasta a tsawaita lokaci dominsa: fenariti. Idan an bayar, dole a buga ko lokaci ya ƙare. Amma a irin wannan hali babu bi-baya. Idan gola ya ture ta dawo wa mai bugu, yana taɓawa wasa ya ƙare. Idan ta daki turke ta daki bayan gola ta shiga, ci ne, domin ba ta daina tafiya ba kuma ba wanda ya taɓa sai golan. Ya kamata alƙali ya gaya wa 'yan wasa tun kafin bugu cewa wannan ne na ƙarshe.

VAR ma ta ƙara wani salo. Brighton da Manchester United, 26 ga Satumban 2020, Chris Kavanagh ya busa tashi ana 2-2, sai aka kira shi ya duba hannun Neal Maupay, ya ba da fenariti, Bruno Fernandes ya ci a minti na 100. Ya halatta, domin laifin ya faru kafin busar, kuma alƙali bai riga ya bar fili ba.

Mai Usur

Hajiya, maganarki haka take, kuma abin da ake koya wa sababbin alƙalai ke nan: ka yanke shawara kafin a ajiye ƙwallo a kusurwa. Ko ka busa nan take, ko ka bari har ka ga ƙarshen abin da ka ƙyale aka fara.

Alhaji Baban Ummi, a kan tsayar da agogo ne na saɓa maka. Ɓata lokaci ba don cinye mintuna kaɗai ake yi ba, ana yi ne don a kashe zafin abokin hamayya, a ba 'yan baya damar numfashi su koma mazauninsu. Ko ka tsayar da agogo, wanda ya kwanta ya samu wannan ribar. Kuma minti 60 na ƙwallo a ƙasa ya fi abin da ake bugawa yanzu, ga 'yan wasa na kukan gajiya tun ba a kai can ba. Sannan dokar ƙwallo ɗaya ce daga Wembley har filin makarantar firamare. Wa zai riƙe agogo mai tsayawa a gasar unguwa da ko mataimakan alƙali da ƙyar ake samu?

Gyaran da ya fi aiki shi ne wanda ke hana tsaikon tun daga tushe. Tun 2019 wanda aka canja dole ya fita ta layin da ya fi kusa da shi. Canji biyar da aka tabbatar a 2022 a zama uku kawai ake yinsu, ban da hutun rabin lokaci. Daga 2025 gola da ya riƙe ƙwallo fiye da sakan 8 an ba abokan hamayya kwana, alƙali na ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu a sama kowa na gani. Tsohuwar dokar sakan 6 ta mutu ne saboda hukuncinta bugun tazara ne a cikin da'irar gola, alƙalai kuma na tsoron bayarwa. A gasar MLS ta Amurka, wanda aka canja yana da sakan 10 ya fice, in ya wuce sai mai shigowa ya jira minti ɗaya a waje.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne ɓoyon lissafin. Ba abin da zai hana a fitar da takardar alƙali na huɗu bayan wasa, ko a nuna sakannin da ake tarawa a talabijin. Barin komai a wuyan hannun mutum ɗaya yana da haɗari ko da babu son kai. A Limbe ta Kamaru, 12 ga Janairun 2022, Janny Sikazwe na Zambiya ya busa tashi a minti na 85 a wasan Tunisiya da Mali, aka ankarar da shi aka ci gaba, ya sake busawa kafin 90 ta cika, a rabin da aka yi fenariti biyu, jan kati, duba VAR da hutun shan iska. Daga baya aka bayyana cewa zafin rana ne ya buge shi. Mali ta tafi da 1-0, hukumar ƙwallon Afirka CAF kuma ta yi watsi da ƙorafin Tunisiya. Mutumin da jikinsa ya gaza ba abin zargi ba ne, tsarin da ya kasa tare kuskuren nan take shi ne abin dubawa.

Ga masu hura wasa a gasannin unguwa da na makarantu, musamman a watannin bazara da rana ke dukan ƙasa, ga abin da ke hana rigima. Agogo biyu, kuma kada waya ta zama ɗaya daga ciki. Rubuta ainihin ƙarfe nawa aka take kowane rabi, misali 4:12, domin idan ka tsayar da agogo ka manta ba ka sake kunnawa ba, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa, za ka iya dawo da lissafi daga agogon da bai tsaya ba. Sa mataimaki na ɗaya ya kunna nasa tare da kai. A amince da hutun shan ruwa tun kafin wasa, a saka shi wajen tsakiyar kowane rabi, a kuma gaya wa kyaftin biyu cewa za a rama shi. Duk lokacin da wani ke jan ƙafa, ɗaga hannu ka nuna agogo a fili don kowa ya ga ka lura, idan ya maimaita ka ba shi katin gargaɗi a minti na 60, kada ka jira na 88. Inda babu allo, idan 45 ta cika ka faɗa wa kyaftin biyu da bencin biyu adadin da babbar murya, kuma ka haɗa da kalmar "aƙalla". Idan wani tsaiko ya faru a cikin cikon, ka sake nuna musu da yatsu nawa ka ɗora kafin a ci gaba da wasa.